Rigar Sagiru

Tun da aka hana wanki da hannu, injin wanki ba ya karɓar kayan wanda babu sunansa a rajistar ruwa. Injiniya Bilkisu ta duba na Gwaggo Tabawa.

"Lafiyarsa ƙalau, Gwaggo. Me yake ƙi?"

Tsohuwar ta miƙo wata shuɗiyar riga. "Ta ɗana Sagiru ce. Duk Juma'a nake wanke masa."

"Ai an cire sunansa bayan rasuwa. In na mayar, ƙwace lasisina za a yi. Amma da gumi injin yake gane mai kaya. Sa ta a jikinki."

Gwaggo ta zura rigar, ta zauna a rana har la'asar. Injin ya karɓa, ya ce, "Tabawa, riga ɗaya."

Ta daɗe tana kallon kumfa.

"Ta zama tawa ke nan," in ji ta.