Tokar Tafarnuwar Inna

Da la'asar ne, a bayan ɗakin kakarmu Inna a Kusfa. Ƙananan ƙwari sun kama tafarnuwarta, ganyen duk ya yi fari-fari. Ta zuba toka a rariya. Na miƙa hannu tunda ni ce babba, sai ta ba ƙanwata Hadiza.

Ta ce da ni, "Ke hannunki da nauyi, sai ki binne min shuka. Tumɓuke waɗanda suka ruɓe ki kai bola."

Ina tafe da wari a hannu, ina jiyo ta tana cewa, "Yauwa 'yar albarka, haka ake barbaɗawa."

Yanzu duk shekara Hadiza na aiko min da tafarnuwar gidanta. Wallahi kafin in yi godiya, sai na bi ta ɗaya bayan ɗaya ina neman ruɓaɓɓiya.