Dabbar Hanyar Gwagwalada

Dokta Uthman na durƙushe da ƙyar a bayan wani dutse a gefen hanyar Gwagwalada, tumbi ya tokare gwiwa, sai ya ƙwala kabbara har tsuntsaye suka watse.

'Yan ƙungiyar masu nazarin tsirran daji ta Abuja suka rugo, sun ɗauka maciji ne. Ashe wasu 'yan tsirrai ne kusan arba'in, cunkushe a wurin da bai fi faɗin faifai ba. Kallo ɗaya ya yi musu ya faɗi sunansu na Latin. Wata 'yar itaciya ce mai jajayen 'ya'ya da ƙananan iri, wadda a sanin ƙungiyar ba ta tsirowa sai a sanyin tsaunukan Mambila. Ya san ta sarai, don bara ma'aikatarsu ta tura shi Gembu, can saman Mambila, taron mako guda.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Dokta yana ƙungiyar. Duk Asabar ɗin farkon wata shi ke fara isa tashar Utako, inda suke ɗaukar shatar bas zuwa daji. Ya matse ganye a tsakanin tsofaffin jaridu har ɗakin baƙinsa ya rasa wurin shimfiɗa tabarma. Amma lambar yabon da ake bai wa wanda ya gano tsiro mafi ban mamaki a shekara, ko ƙanshinta bai taɓa ji ba. Madam Felicity, malamar sakandare daga Lugbe, har sau uku tana ɗauka. Abin na cin ransa ƙwarai. Ga shi bana zai yi ritaya ya koma Zariya, in bai samu yanzu ba shi ke nan.

A ranar ya sa direba ya ƙara tsayawa wurare biyu a gaba, wai jikinsa ne ya ba shi. Ikon Allah, duka biyun aka tarar da irin wannan cunkuso, ɗaya a bayan suri, ɗaya a gindin kalgo.

Sai dai ƙungiyar na da doka mai tsauri. Duk tsiron da ɗan Adam ya kawo ba ya shiga gasa, kuma wanda ya gano shi ne zai bayyana yadda aka yi ya zo wurin. Madam Felicity ba ta bari bas ɗin ya tashi ba sai da ta tuna masa.

"Oga Dokta, Mambila yana da nisa fa. Ganyen nan mota ya shiga ne?"

Dokta ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce ta saurari ranar taro.

Wata uku ya yi yana zarya da tef ɗin awo. Ya auna, ya tona, ya shinshina ƙasar, ya zana taswira. Iska ba ta zube iri wuri ɗaya. Ruwa ba ya hawa tudu. Cikin tsuntsu kuwa bai isa ya ɗauki iri arba'in ba. Abu ɗaya ya rage: wata babbar dabba ce ta ci 'ya'yan, ta zo ta sauke su nan tare da takinsu.

Ranar taron shekara zauren ya cika. Dokta ya sha babbar riga, ya haska hoton jajayen 'ya'yan a bango, ya shiga siffanta dabbar kamar a gidansa take kwana. Mai haɗama ce, in ji shi, ba ta tauna, haɗiya kawai take yi. Nauyinta ba zai gaza kilo casa'in ba. Tana da kunya, sai ta sami abin fakewa take tsugunawa. Tana kuma da lalaci, don ba ta taɓa yin nisa da kwalta ba. Daga wuri na farko zuwa na biyu kilomita shida ne, daga na biyu zuwa na uku biyu kacal, alamar baiwar Allah ta matsu.

Zaure ya kece da dariya da tafi. Madam Felicity ta ɗaga hannu ta tambayi wace dabba ce ke bin titi haka. Dokta ya ce ai dabbar Abuja ce, ta waye. Aka sake tafi. Ya rufe da shawarar a kafa kyamara a ɓoye domin a ga fuskar wannan halitta.

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannaye suka tashi kamar dawa a gona, har na Felicity, ko da yake nata a ƙarshe ya tashi. Dokta ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai kuma ji kunyar sharewa ba.

Al'adar ƙungiyar ce matar gwarzo ko mijin gwarzuwa ya miƙa lambar, tunda su ke haƙuri da tulin jaridu. Shugaba, Baba Zacharias, ya kira Hajiya Rakiya, matar Dokta, wadda yau ce ranarta ta farko a taron ganye. Ta karɓi lasifika, ta dubi hoton da ke bango, fuskarta ta washe da alfahari.

"Ni shaida ce a kan son da Baban Nazeefa ke wa aikin nan," in ji ta. "Bara da ya dawo daga Gembu, cike da leda ya zo da 'ya'yan itacen nan, ya zauna ya cinye shi kaɗai, ko yara bai sam musu ba. Washegari cikinsa ya ɓaci, na ce ya kwanta, ya ce atafau sai ya bi ku daji, kuma da bakinsa ya gaya mini sau uku ya sa direba ya tsaya masa a hanyar Gwagwalada."