Lauyar da Ke Zuwa Dubiya

Ƙamshin turaren matar nan kan wuni a ɗakin bayan ta tafi. Maman 'yan biyu ta buɗe taga, ta kakkaɓe matashin kujera, har labule ta wanke, amma ƙamshin na nan daram, kamar shi ke biyan kuɗin haya.

Mijinta magini ne. Katakon da suke takawa a hawa na uku ne ya karye da shi, ya faɗo kan tarin bulo. Likita ya ce ƙashin bayansa ya taɓu, shi da ɗaukar kwanon siminti har abada. Kamfanin da yake yi wa aiki ya biya kuɗin asibiti na farko, daga nan ya murza gashin baki ya ce ciwon bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ƙungiyar ma'aikata ta kai maganar diyya kotu. Abu ɗaya ake jayayya a kai: zai iya komawa aiki ko ba zai iya ba.

Ita dai ta san amsar. Ita ke tayar da shi zaune, ita ke cuɗa masa baya, ita ke sa masa takalmi. Amma maganar shari'a ba ya yi da ita, a waya yake yinta ƙasa-ƙasa. Kuma a faɗi gaskiya yana da hujja, don bakin Maman 'yan biyu ba shi da birki.

Ana cikin haka matar nan ta fara zuwa. Doguwa ce, tsaf-tsaf, da jaka mai tsada da murya mai sanyi. Ranar farko mijin ya ce, "Lauya ce. Idan ta zo ki ba mu wuri, kuma don Allah kar ki ja ta da hira."

A ba su wuri! A ɗakinta, a kan kujerarta!

Ta ba su wurin, amma daga bayan labule. Tana nan tana leƙen su. Matar ba ta taɓa shan ko ruwan gidan ba, sai kallon mijin mutane. Ta dubi kafaɗarsa, ta dubi yadda yake juyawa, ta bi hannunsa da ido idan ya miƙa zai ɗauki kofi. Tambayoyinta kuwa na marasa kunya: yaya barci, wa ke yi masa wanka, yana iya sunkuyawa? Shi kuma gogan, mai yi wa 'yan biyu tsawa har maƙwabta su ji, sai ya koma kamar sabon ango. Ya sunkuyar da kai, yana auna kowace kalma, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ita da ta haifa masa 'ya'ya bai taɓa yi mata wannan rawar jiki ba.

Kishi ya ci ta, ya hana ta sakat. Ta ƙona girki, ta daki yara ba laifin tsaye ba na zaune. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne tausayin da ke cikin muryar matar. Da tausayi ake fara sace miji, haka ta yanke, musamman mijin da ake zaton an gaji da jinyarsa.

Ranar zuwanta na ƙarshe kafin zaman kotu, mijin ya sha magani barci ya kwashe shi. Maman 'yan biyu ta ci kwalliya, ta tare baƙuwar a tsakar gida da murmushin da bai kai zuci ba.

"Yana hutawa," ta ce. "Ya gaji ne."

"Ayya. Jikin ne ya motsa?"

"Wane jiki? Ke dai kina ganin sa a kwance ne. Jiya shi ya ɗauko min tukunyar gas tun daga bakin titi, ya hana ni taɓawa. Wai ba ya son in wahala."

Matar ta ajiye wayarta a kan jaka, ta gyara tsayuwa. Maman 'yan biyu ta ga idon baƙuwar ya buɗe, ta ji sanyi har cikin ranta. Ashe abin ya shige ta! Sai ta ƙara wuta. Ta ce shi ke goya 'yan biyu a kafaɗa, ɗaya nan ɗaya can. Ta ce makon jiya ya hau rufi ya toshe mata yoyo. Ta kashe ido ɗaya ta ce mijinta namiji ne har gobe, ba ya bukatar tausayin wata.

"Kin tabbata, 'yar'uwa?"

"Wa zai fi ni sani? Ko a gaban wa zan maimaita."

Baƙuwar ta yi godiya har sau biyu ta tafi, ko ɗakin ba ta leƙa ba. Ranar Maman 'yan biyu da waƙa ta yi wanke-wanke.

Ranar zaman ta tura shi a keken guragu har cikin kotu. Wani dattijo mai furfura da tsohuwar jaka ya taso ya riƙe hannun mijin, ya ce ya kwantar da hankalinsa, rahoton likita na tare da su. Ta ɗauka wani ne daga ƙungiya. Idonta na kan ƙofa, ta ma ɗora jakarta a kujerar da ke gefen mijin don kada wata ta samu wurin zama.

Matar ta shigo. Ko kallon kujerar ba ta yi ba. Ta wuce su, ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ta zauna kusa da manajan kamfanin. Da alƙali ya ba ta dama ta miƙe, da muryar nan tata mai sanyi.

"Ya mai shari'a, ni ce lauyar kamfani, kuma shaidarmu ta farko ita ce matarsa."