Burushin Kan Tebur

Ranar da mai gyaran takalma ya zo gidan budurwarsa jin ko za ta aure shi, sai ya tarar da wani burushi mai taushi a teburin falo. Mai hali ba ya fasa halinsa: ya ciro baƙin mai, ya goge takalman babanta da burushin har suna ƙyalli.

Ta fito, ta tsaya cak.

"Malam, jikina nake gogewa da shi a bushe kafin wanka."

Ya dubi burushin, baƙi wuluk. Ya fara laluben hularsa zai tafi.

Ta daɗe tana kallonsa, tana danne dariya.

"Zauna. Ka sayo sabo, ka haɗa da kayan auren. Amma idan na tare, kai da shi sai kallo."