Ɗalibar Da Ta Ƙi Sa Hannu

Ɗan'uwa, tunda ka ce an rufe maka ƙofa kuma za ka haƙura, gyara zama in buga maka misali.

An yi wata ɗaliba a wata jami'a, 'yar wani maƙeri, tana karatun lauya. Tana aji uku ciwon ido ya kama ta, irin wanda ke cin gani daga gefe-gefe kamar yadda gara ke cin zana. Kafin damina ta yi nisa allo ya zame mata hayaƙi, kafin a yi girbi ko tafin hannunta ba ta gani. Da ta dawo daga asibiti da sanda a hannu, sai shugaban sashensu ya kira ta ofis. Dattijo ne mai furfura, kuma ba mugu ba ne, sai dai ya riga ya yanke a ransa cewa shari'a karatun masu ido ce. Ya tura mata takardar ajiye karatu, ya sa mata biro a hannu, har ya kama yatsanta ya ɗora a layin da za ta sa hannu. Ya ce, "'Yata, ki koma gida ki rungumi ƙaddara." Ta shafa takardar sama da ƙasa, sannan ta ajiye biron. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙaddara na rungume ta. Ido ta zo ɗauka, ta ɗauka. Ba ta ce in ba da kujerata ba."

Daga ofishin ta lalubi hanya zuwa cibiyar kwamfuta ta jami'ar, inda wata ma'aikaciya ta sa mata a kwamfutarta manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allon kwamfuta da murya. Makon farko muryar nan sai da ta sa ta kuka. Tana karanta Turanci kamar mai tauna tsakuwa, sunayen Hausa kuwa sai ta karya musu ƙafa. Ta cije. Ta haddace madannai da yatsu kamar yadda masaƙi ke sanin zarensa. Littattafan da jami'a ta tara wa ɗalibai a intanet, waɗanda rabin ajinsu ba su ma san da su ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne. Wanda babu shi a can sai ta ɗauki hoton shafinsa da waya, wayar ta karanta mata, in hoton ya karkace ta sake, wani shafin har sau biyar. Tana naɗar lacca, ta saurara tana wanki, ta saurara tana tsintar shinkafa da lalube. Wani malami ya hana ta naɗa a ajinsa, ya ce muryarsa ba ta gidan rediyo ba ce. Ba ta roƙe shi ba. Ta dawo kujerar gaba da kwamfutarta, yana magana tana bugawa, ƙarar madannai kamar ruwan sama a kan rufin kwano, har shi da kansa ya gaji ya ce ta naɗa. A hankali kunnenta ya goge, ta riƙa ƙara wa muryar sauri, yau kaɗan gobe kaɗan.

Da jarrabawa ta matso sai kwamitin sashe ya ce ba za a shiga da kwamfuta ba. Wa ya san abin da aka ɓoye a ciki, wa ya san abin da ake raɗa mata a kunne? Suka ce ta jira baɗi a duba lamarinta. Ita kuwa ta san baɗin ofis ba ya zuwa. Ta rubuta musu wasiƙa: su kawo tasu kwamfutar wadda babu komai a ciki sai muryar, su yanke intanet, su cire abin sawa a kunne, su zauna su ji duk abin da za ta ji. Suka amince, suna zaton za ta janye. Ranar ta zo da farin mayafi, ta zauna a tsakiyar ɗaki, malamai biyar sun kewaye ta. Na'ura ta karanto tambayar farko kamar an zazzage gero a faranti, babu wanda ya tsinci kalma ɗaya a cikinsu. Shugaban sashen ya ce a rage sauri. Ta rage, suka ji da kunnensu cewa tambayarsu ce ba ƙari ba ragi, sannan ta mayar da ita yadda take. Ta ce, "Awa uku kuka ba ni, kamar kowa." Ta buga har yatsunta suka ƙage, gumi na ɗiga a haɓarta, ba ta nemi ƙarin minti ɗaya ba.

Malamin nan da ya taɓa hana ta naɗa shi ya duba takardar amsarta. Ya bi ta layi-layi da jan biro, ya sake bi, abin da ya samu shekarar wata shari'a ce guda da ta kuskure. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, ta uku ta zo a cikin mutum ɗari da ashirin. Yau in ta miƙe a kotu, lauyoyi masu ido biyu da tabarau sai su hau jujjuya takardu suna neman shafin da ta riga ta karanto musu da ka.

Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.