Hadari a Kan Gonar Gero

Ka ce sana'arka ta ƙi gaba, har kana tunanin ajiye ta. To, zauna ka ji misalin wani mai zane.

Ɗan ƙauye ne, ya tafi birni ya koyi zane da fentin mai. Hannunsa na da kyau ƙwarai, sai dai kwaikwayo kawai ya iya. Yakan ɗauko kalandar ƙasashen waje, ya zana duwatsu masu ƙanƙara da tafkunan da bai taɓa tsoma ƙafa a cikinsu ba. Masu otal su saya su rataya, baƙi su wuce ba mai waiwaye. Haka ya yi ta yi har furfura ta soma fito masa. Da injin buga hotuna ya shigo gari, kasuwarsa ta mutu murus, don abin da yake kwana da kwanaki yana yi, inji kan fitar da shi kafin shayi ya huce. Ya tattara komatsansa ya koma gida da damina, da niyyar kama fartanya.

Ran nan da la'asar yana gonar mahaifinsa, hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, gindinsa ja kamar garwashi. Iska ta kwantar da gero, balbelu suka watse, mata na sauri da itace a ka. Ya ruga gida ya ɗauko ragowar fentinsa, ya hau zana hadarin. Da ya ga burushi na ɓata masa lokaci sai ya yar, ya riƙa laftawa da wuƙa da yatsu, kauri kan kauri. Da ya gama, kunya ta kama shi, don ko layi ɗaya miƙaƙƙe babu. Ya jingine zanen a zaure ya bushe. Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta shigo, ta yi cak da ƙwarya a ka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, wallahi har ƙamshin ƙasa nake ji."

Daga bakinta labari ya bazu. Ya zana fadama, ya zana itacen kuka, ya zana rafi ya kawo. Aka ɗauki zanensa aka baje a manyan birane, mutanen da suka daɗe da barin ƙauye suna tsayawa gabansa suna share hawaye. Yau ya tsufa, amma masu koyo ba sa yankewa a zaurensa.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.