Kafaɗar Maharbi da Kunnen Karensa

Gyara zama, Yallaɓai, in ba ka misali, don irin wannan ba a bakin kowa yake daɗi ba sai nawa. An yi wani tsohon maharbi mai bindiga guda da kare guda. Shekaru sun ja, bindigar kuwa ba ta san girma ba: duk harbin da ya yi sai ta shure shi a kafaɗa kamar jakin da aka taɓa wa gyambo. Har ta kai ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga sai da cije leɓe. Sai ya ɗauke ta ya kai wa wani mai injin fere ƙarfe a gari. Mutumin ya san aikinsa. Ya fere ɗan guntun ƙarfe kamar tsawon yatsa, ya huda masa tagogi dama da hagu, ya yi wa bakin bindigar zare irin na noti, ya murɗa shi a kai, ya yi ta leƙe yana gyarawa har ramin ƙarfen ya miƙe sak da na bindigar. Da zai miƙa masa ya ce, "Baba, shurin zai ragu, amma fa ba mutuwa ya yi ba. Ta tagogin nan zai riƙa fita, da ƙararsa." Tsoho ya ce ai in dai kafaɗa ta huta, ƙara ta je ta ci kanta.

Kafaɗa kuwa ta huta. Tsoho ya riƙa toshe kunnuwansa da auduga, yana harbi yana murmushi kamar saurayi. Abin da bai tuna ba shi ne, tun karen yana ɗan kwikwiyo ya koya masa ya yi gaba kaɗan ya kwanta gefen bakin bindiga in za a yi harbi. Kare bai saɓa ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya ba shi auduga. Kafin kaka ta wuce, sai a kira shi ya yi ta kallon wani wuri. Tsoho ya ɗauka taurin kai ne na tsufa. Ran nan suka raunata mugun dawa, wato gadu, ya faɗa cikin duhuwa, kare ya bi shi. Tsoho ya san abin da ke jira a ciki, ya yi fito, fiton nan da karen bai taɓa ƙin amsawa ba. Ya yi har leɓensa ya bushe. Da ya kutsa ya same shi, haure ya riga ya farke masa cinya, yana kwance yana kaɗa wa maigidansa wutsiya. Tsoho ya kwance ƙarfen nan ya jefar a ciyawa, ya saɓa karen ya kama hanyar gida, a kan kafaɗar nan dai da ya so ya hutar. Karen ya rayu, yana ɗingishi, amma bai ƙara jin sunansa ba.

Kada ka yi wa tsoho dariya, Yallaɓai, ciwo ne ya sa shi, kuma mai injin bai ɓoye masa komai ba. Shi ne dai abin da Hausawa ke cewa: garin neman gira, a rasa ido.